Shuf'a, kafin alƙalami da tuwona maina: amsoshin tambayoyinku kan cinikin gida

Wani mai karatu daga Rafindadi: Malam, mu uku muka gaji gida, maza biyu da mace ɗaya, ba a raba ba. Yayanmu ya sayar wa bare da kasonsa. An ce muna da "shafa'a". Mece ce ita?

Ba shafa'a ba ce, malam, shuf'a ce. Shafa'a ceto ne, wanda muke fatan samu ranar gobe. Wannan kuskure ya yi yawa a bakin mutane, har da waɗanda ke zirga-zirga a kotu, alhali gyaransa bai fi wasali biyu ba. Tushensu dai guda ne da shafa'in da kake sallata kafin wutiri, wato abin da aka haɗa ya zama biyu. Mai shuf'a yana haɗa kason da aka sayar ne da nasa.

Ma'anarta ita ce haƙƙin abokin tarayya ya karɓe kason da aka sayar daga hannun wanda ya saya, ya biya shi daidai abin da ya biya. Ka lura, abokin tarayya na ce, ban ce ɗan'uwa ba. A nan ne mutane ke zamewa. Jini ba ya ba da shuf'a, tarayya ce ke ba da ita. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari ya nuna ana yin ta ne a abin da ba a raba ba; da zarar an sa iyaka an fitar da hanya, ta faɗi. Duk wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala a zaure ya san babu ita ga maƙwabci a mazhabar Malikiyya, ko da yake Hanafawa sun ba shi. Don haka da an riga an raba gidan, an ja katanga, kowa ya fasa ƙofarsa, to ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, sai dai ka roƙi alfarma.

Ku naku ba a raba ba, saboda haka kuna da ita. A ɗauka gidan na naira miliyan 15 ne: kowane namiji na da 6, mace na da 3. Idan yayanku ya sayar da nasa a miliyan 6, kai za ka kawo 4, 'yar'uwarku ta kawo 2, domin gwargwadon kaso ake raba ta. In ta ce ba ta so, ko ka ɗauka duka ko ka bari duka; ba a yanka wa mai saye cinikinsa gida biyu. Ba a kuma neman ragi.

Sannan shiru na kashe ta. Wanda ke gari ya san da cinikin ya yi gum har shekara, ta wuce shi, amma wanda ya yi tafiya yana nan a kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Muhtasar, wani littafin fiƙihun Malikiyya, ya ƙara da cewa in ka je ka taya kason a hannun mai sayen, ko ka kama haya wurinsa, ko kana kallo ya rushe ya gina ba ka tanka ba, ka zubar da ita da kanka. Ina takaicin masu cewa a bari sai an huce. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ku haɗa kuɗinku, ku sanar da mai unguwa, in ba a daidaita ba ku kai gaban alƙali.

Daga Ƙofar Sauri: Na taya gidan kawuna, ya ce "albarka". Ya sallama ke nan?

A'a. Ya ƙi tayinka ne cikin ladabi. Ka ƙara.

Wata Hajiya daga Daura: Ana cewa "tuwona maina" idan gida bai fita daga dangi ba?

Ana cewa, Hajiya. An fi jin sa a auren zumunci, amma duk inda amfani ya kewayo ya faɗa cikin gida ya dace. Abokin tafiyarsa shi ne "da arziki a gidan wasu gara a gidanku". Sai dai a tuna mai tuwon ne ke faɗinsa don jin daɗi. Ba sanda ba ce da mai saye zai ɗauka ya karya wa ɗan'uwansa farashi.

Wani daga Ƙofar Marusa: Ƙanina ya ba ni kafin alƙalami na gidana, wata huɗu ke nan bai cika kuɗin ba, ga bare da kuɗi a hannu. Kuɗin ƙanin ya zama mallakina?

Kalmar ta fassara kanta: abin da aka miƙa kafin alƙalami ya hau takarda. Wani yanki ne na kuɗin gidan, ba tukuici ba ne. Sharaɗin cewa in ciniki ya fasa mai kaya ya cinye abin da aka ba shi, Imamu Malik ya kawo haninsa a littafinsa Muwaɗɗa. Ka mayar masa da kuɗinsa cif. Amma kafin ka saurari baren, duba ko cinikinku ya faɗa. In ya taya ka ce ka sallama, gida ya zama nasa, kai kuma bashi kake bi. Sai dai ku warware da yardar juna a gaban shaidu. Laifin tun farko na rashin yanka rana ne.

Daga Gambarawa: Me ake nufi da "naka sai naka, daɗin zama sai bare"? Kamar gaban na rushe bayan.

Ba ya rushewa. Ran wuya naka ne zai tsaya maka, amma a mu'amalar yau da gobe bare ya fi sauƙi, don ba kwa jin nauyin juna. Cinikin gida na fito da wannan fili. Da bare za a kira shaidu, a auna tsawo da faɗi, a rubuta maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, mai unguwa da dagaci su sa hannu. Da ɗan'uwa kuwa sai ka ji "haba, ai mu ɗaya ne", sai "na bar maka, ka kawo abin da ya sawwaƙa". To, "na bar maka" me? Sayarwa ce, kyauta ce, ko aro? Kalma uku, hukunci uku. In kyauta ce, ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓi gidan a hannunsa; mai bayarwa ya rasu kafin haka, ta koma gado. Waɗanda suka yi kunyar juna za su tafi, 'ya'yansu ne za su tsaya gaban alƙali, kuma su ba su jin wannan kunyar.

In biya kaɗan-kaɗan ne, aya ta 282 a Baƙara ta ce a rubuta bashi, ba ta ware ɗan'uwa ba. A sa jimillar kuɗi, abin da aka bayar, saura, da ranar kowane biya. In an yi masa ragi don zumunta, a rubuta ragin ma. A guji "na sai mashi gida" a takarda, domin kunne na iya jin ka saya masa ne. A rubuta "na sayar masa da gidana". Gidan da ke da satifiket ɗin mallaka na gwamnatin jiha kuma, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya masa mai shi, ko ɗanka na cikinka ne ya saya.

Wani dillali daga Daura: Daga ina "la'ada" ta fito, kuma ina da ita in ƙanin mai gida ya saye bayan na kawo mai saye?

Daga Larabci ne, al'ada, kamar yadda alkhabar ya zama labari. Kan ta biyun, abin da kuka yi magana a kai tun farko shi ne hukunci. In ba ku yi ba, a koma ga abin da dillalan garinku suka saba. A ganina, tunda tayin da ka kawo ne ya fitar da farashin da ƙanin ya biya, bai kamata a sallame ka hannu rabbana ba.