Bam Mai Cinna Wuta: Me Ya Sa Mutanen Landan Suka Yi Masa Feshin Ruwa?

Ka ce mun koya maka kada a zuba ruwa a kan ƙarfen maganiziyam in ya kama da wuta, to yaya aka yi mutanen Landan suka riƙa tunkarar bama-baman Jamus masu cinna wuta da bokitin ruwa a yaƙin duniya na biyu? Tambayarka ta yi ma'ana, yarona, amma fara sanin bam ɗin tukuna.

Ɗan ƙarami ne, kilo 1, tsawonsa kamar santimita 35, kaurinsa santimita 5. Jikinsa maganiziyam ne. Cikinsa garin alminiyam ne da tsatsar ƙarfe, abin da ake kira tamait. In ya daki rufi sai ya huda, ya maƙale tsakanin rufin da silin, inda busasshen katako yake kuma babu mai gani. Tamait ɗin ya kama da zafin da ya kai digiri 2,500, yana watsa tartsatsi kamar na minti ɗaya. Ba ya buƙatar iskar waje, don haka a wannan mintin babu abin da za ka yi masa sai jira. Daga nan jikin ya narke, ya ci gaba da ci har minti goma zuwa sha biyar.

Ga inda amsarka take. Ruwa ba ya kashe maganiziyam, ƙara masa ƙarfi yake yi, domin ƙarfen yana zuƙe oksijin ɗin ruwan ya saki haidirojin. Ka kwara masa bokiti guda, narkakken ƙarfe ya fantsamo maka a fuska. Amma feshi mai laushi kamar yayyafi yana sa ya cinye kansa cikin minti ɗaya ko biyu, yana kuma jiƙa katakon da ke kewaye. Wato hanzarta shi suke yi ya ƙare kafin gidan ya kama.

Kayan aikin ɗan famfon hannu ne mai matakin ƙafa, ana tsoma shi a bokiti, da mesa mai tsawon mita 9. Bakin mesar iri biyu yake bayarwa: miƙaƙƙen ruwa da feshi. Mutum uku: ɗaya yana buga famfo daga wajen ɗaki, ɗaya yana jigilar ruwa, na ukun ya shiga da rarrafe ta ƙarƙashin hayaƙi, yana kare fuskarsa da murfin kwandon shara ko kifaffen tebur. Zai fara da miƙaƙƙen ruwa a kan labule da kujerun da suka kama, sa'an nan ya juya feshi a kan bam ɗin. Wanda ya ƙura wa bam ido ya mance da labule, ɗakin ne zai ci a bayansa. Galan biyar zuwa shida yakan isa.

In ba ruwa, sai busasshen yashi: a rufe shi, a kwashe da shebur mai dogon ƙota, a zuba a bokitin da aka shimfiɗa wa yashi a gindi. Ka mance da wannan shimfiɗar, ya huda bokitin ya zubo maka a ƙafa. Kuma yashi danne shi kawai yake yi. Ka bar shi a kan daɓen katako, zai ci ta ƙasa ya faɗa ɗakin da ke ƙarƙashi.

Da Jamusawa suka gane ana kashe musu bam da hannu, sai suka sa wa wasu abin fashewa mai jinkiri. Dole doka ta canja: ka fake bayan bangon bulo, ka harba miƙaƙƙen ruwa daga nesa, fantsamar ta fi ɓarɓashin ƙarfe sauƙi.

Yawa ne ya fi ƙarfinsu. Daren 29 ga Disamba 1940 gobara kusan 1,500 ta tashi a Landan. Bama-bamai sun fasa bututan ruwa, kogin Tems kuma ya janye, sai da 'yan kwana-kwana suka ja mesa cikin taɓo. Mafi yawan gine-ginen da suka ƙone ofisoshi ne da ɗakunan ajiya da aka kulle ba kowa a ciki. Majami'ar St Paul's mai masu gadi a kan rufi ta tsira. Shi ya sa a farkon 1941 aka tilasta gadin wuta, a Agusta kuma aka haɗe hukumomin kashe gobara na Birtaniya kusan 1,600 suka zama ɗaya, domin sau da yawa motar wani gari takan zo taimako mahaɗin mesarta bai dace da famfon garin ba.

Kai dai yau in ka iske maganiziyam yana ci a garejin kanikawa, busasshen yashi ko hodar kashe wutar ƙarfe za ka nema. Kada ka ɗauko tukunyar kashe wuta ta kumfa ko ta iskar kabon.