Hukuncin Wasan Foka na Inji Idan Jadawalin Biya Ya Haura Kashi 100

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara ilimi. An ce wasan foka na inji, wato cacar kati da ake yi a kan na'ura, ya bambanta da sauran caca, domin jadawalin biya, wanda ke nuna ninkin da kowace haɗuwar kati ke biya, yana bayyane, kuma gwani kan iya cin riba. Shin ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, abin da aka faɗa maka game da jadawali gaskiya ne, sai dai bai taɓa hukunci ba.

A nau'in wasan mai suna Jacks or Better, injin da ake kira 9/6 yana biyan ninki 9 idan ka haɗa kati uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, ninki 6 kuma idan kati biyar suka zo da alama ɗaya. Wanda bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, kashi 99.54 cikin 100 na kuɗin da ya zuba ke dawo masa a tsawon lokaci. A rage zuwa 8/5, ya koma 97.30, a 6/5 kuwa kusan 95. Misali, wanda ya buga hannu 600, wato zagaye 600, a kan dala 1.25 kowanne ya juya dala 750: asararsa a lissafi dala 3.45 ce a 9/6, amma dala 20.25 a 8/5. Kuma kusan kashi 2 na wannan lissafi yana rataye ne ga babbar haɗuwa, wato 10, J, Q, K, A masu alama ɗaya, wadda kan zo kamar sau ɗaya a hannu 40,000. Kafin ta zo, aljihu ya bushe.

Akwai cikakken jadawalin wani nau'in wasan mai suna Deuces Wild, mai kai kashi 100.76, wato fiye da abin da gwani ya zuba, kuma nan shubuharka take. To, dalilin haramcin caca shi ne sanya dukiya a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, ko ka ci ko a cinye ka. Gwaninta tana zaɓar katin da za ka riƙe cikin biyar ɗin da inji ya raba maka, amma wanda zai maye gurbin wanda ka yar, sa'a ce zalla. Allah ya tabbatar a Baƙara aya ta 219 cewa akwai wasu amfanoni a caca, ya ce zunubinta ya fi girma, sannan a Ma'ida aya ta 90 ya umarta a nisance ta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, ya ba da sadaka. Tayin caca kawai ke nan, balle yin ta.

Saboda haka haramun ne, kowane jadawali ne. Wanda ya riga ya ci kuɗi, ya tuba, ya riƙe uwar kuɗinsa, ragowar ya ba mabuƙata ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar rabuwa da haram. Wallahu a'alam.