Fatawa: Haƙar zinare a ƙasan teku da zakkarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Wani abokina ya tallata mini hannun jari a kamfanin da ya ce yana haƙo zinare daga ƙasan teku. Wannan haƙa halal ce? Kuma akwai zakka a zinaren, tunda na ji an ce abin da ya fito daga teku ba a fitar masa da komai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Asalin haƙar halal ce. A Suratun Nahli, aya ta 14, Allah ya ce ya hore mana teku don mu ci ɗanyen nama daga cikinsa, mu kuma fitar da kayan ado. Zurfin wuri ba ya canza wannan hukunci.

Abin da ka ji game da zakka yana da tushe. Bukhari ya kawo cewa Ibn Abbas bai ɗauki ambar (wani turare da ake samu daga teku) a matsayin rikazi, wato binanniyar dukiya, ba, ya ce abu ne da teku ya tunkuɗo. Malikawa ma sun ce abin da teku ya tofar na wanda ya tsinta ne, ba a cire masa humusi, wato ɗaya bisa biyar. Abu Hanifa ya tafi kan cewa ko zinare ne aka ciro daga teku babu komai a kansa, don ƙasan teku ba ya ƙarƙashin ikon kowa. Abu Yusuf, almajirinsa, ya saɓa masa.

To amma wannan zinaren ba tsintuwa ba ne. Ruwan zafi ne ke ɓullowa daga tsagar ƙasan teku, ya tara tagulla da azurfa da zinare a duwatsu, sai injina su farfasa a tsotso zuwa jirgi. Wannan ma'adini ne sak. Dalilin da Abu Hanifa ya dogara da shi kuma ya kau: Saudiyya da Sudan sun ƙulla yarjejeniya tun 1974 kan ma'adinan ramin Atlantis II a Bahar Maliya, mai zurfin kusan mita 2,000, kuma ƙasan tekun da ba na kowace ƙasa ba yana hannun hukumar duniya mai mazauni a Kingston ta Jamaika tun 1994. Don haka abin da na rinjayar shi ne hukuncin ma'adini na Malikiyya: in zinaren da aka tace ya kai nisabi, gram 85, a fitar da ɗaya bisa arba'in nan take, ba sai shekara ta zagayo ba. A mazhabarmu hukuncin ma'adini na shugaba ne, saboda haka haƙa ba da izinin hukuma ba cin dukiyar jama'a ce.

Sharaɗi mai nauyi shi ne cuta. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma aya ta 41 a Suratur Rum ta ambaci ɓarna a tudu da teku. In masana amintattu suka tabbatar cewa laka da gubar haƙar za su kashe kifin da masunta ke rayuwa a kansa, halaccin ya faɗi a wannan wurin, komai yawan zinaren.

Maganar kuɗinka kuwa, ka yi a hankali. Har yanzu babu kamfanin da ya fara haƙo zinare na kasuwanci daga can ƙasa. Nautilus Minerals na Kanada, wanda ya samu lasisi a 2011 don wurin Solwara 1 a tekun Papua New Guinea, zurfin mita 1,600, ya karye a 2019 bai kai ga fara haƙar ba. Wanda ya ce maka yana haƙowa har yana raba riba, ya nuna lasisi da rajista. In ya ƙayyade maka riba tabbatacciya kowane wata a kan uwar kuɗin da ya lamunce, wannan riba ce ta haram. In kuma ya kasa nuna komai, garari ne, wato cinikin rashin tabbas, kada ka saka ko sisi.

Wallahu a'alam.