Na sayar da zanena, sai ga shi a kalanda: nawa ne ko nasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zanen fenti ne a Daura, zaman kaina nake yi. Bara na zana Hawan Magajiya, sati bakwai ina kansa, wani ɗan kasuwa ya saya Naira 60,000. Yanzu ga zanen a kalandar shagonsa ana rabawa, har an datse gefen da na sa hannu. Da na yi masa magana sai ya ce ai ya biya, kayansa ne. Wani kuma ya ce tunda ban yi rajista ba, ba ni da bakin magana, in kawo Naira 30,000 ya yi mini. Wallahi jikina ya yi sanyi, ko burushi na kasa ɗauka. Shi ke nan na yi asara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba ka yi asara ba, muddin ba ka sa hannu a wata takarda ka sallama masa ba.

Wannan magana ta "na biya, kayana ne" na gaji da jin ta, daga bakin masu saye, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, daga bakin masu zanen kansu. Abu biyu ne a jikin kowane zane. Akwai ƙyallen da fentin da firam ɗin, su ya saya. Ya rataya a falonsa, ya yi kyauta da shi, ya sayar, ba ruwanka. Akwai kuma haƙƙin kwafe shi, wato a buga a kalanda ko riga ko allon talla, wannan kuwa yana hannunka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ɗan garinku marigayi Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce sallama wannan haƙƙi sai a rubuce. Yana tare da kai iya rayuwarka, ya koma ga magadanka har shekara 70 bayan ranka. Dubi zanen Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, wanda aka yi gwanjonsa a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. Duk yawan kuɗin nan, sayen kaɗai bai ba mai shi ikon kai shi maɗaba'a ba. To ina ga Naira 60,000?

Datse sa hannunka kuwa laifi ne na daban. Haƙƙinka ne a ambaci sunanka a jikin aikinka, kuma wannan ba ya sayuwa matuƙar kana raye.

Shi kuma mai neman Naira 30,000, kada ka ba shi ko sisi. Haƙƙin yana tabbata ne da ka gama ɗora aikin a kan ƙyalle, babu wani hatimi da ake jira. Gaskiya ne Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajistar ayyuka, kuma takardarta tana ƙara maka hujja, amma ganin dama ne, kuma da kanka kake nema a wurin hukumar. Masu yawo da jaka suna tsorata yara da sunan rajista sun samu kasuwa ne saboda an bar masu zane cikin duhu. Yaro zai shekara yana koyon haɗa launi, ba wanda ya zaunar da shi minti goma ya gaya masa abin da ya mallaka.

Yanzu bari in zo inda nake jin tsoro, domin nan ne mu Hausawa muke yanka kanmu. Kara. Doka ta yarda cewa izinin amfani da aiki, irin wanda bai keɓance wa mutum ɗaya ba, yana iya zama na baki, har ana iya fahimtarsa daga halin da ka nuna. Ka tuna ranar cinikin da kyau. Da Alhaji ya miƙo kuɗi, ka ce masa "ai naka ne, yi yadda kake so da shi"? Da ya ce zai sa a kalanda, ka sunkuyar da kai ka ce ba komai? Na sha ganin haka a Katsina. Yaro ya zana hasumiyar Gobarau da kyau, babban mutum ya yaba, kunya ta hana shi cewa uffan, bayan wata shida ya zo yana kuka. Girmama na gaba dole ne, amma ciniki ba ya son nauyin baki. Kana iya durƙusawa ka gaishe shi, kuma a durƙushen ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin na ratayawa ne, in za a buga akwai wani farashi." Ban taɓa ganin mutumin kirki ya yi fushi da wannan ba. Wanda ya yi fushi, da ma da niyyarsa ya zo.

Sannan ka tambayi kanka daga ina hoton ya fito. In ka tsaya da littafinka ranar hawan ka zazzana dawakai da 'yan lifida da dogarai, ko ka ɗauki hotunanka da wayarka, ka dawo gida ka tsara, to ƙafarka a kan dutse take. In kuwa hoton wani ka sauko da shi daga Facebook ka kwafa layi bi layi, shi ma mai hoton yana da haƙƙi a kanka. Shi ya sa nake matsa wa yarana su riƙe littafin gwaji, su rubuta kwanan wata a kowane shafi, su ɗauki hoton aikin tun yana zanen gawayi, da an shimfiɗa launin farko, har zuwa gamawa. Wannan ɗabi'a tana gyara hannu, ranar rigima kuma ita ce shaidarka.

Abin yi yanzu, ka samo kalandar guda biyu ka adana, tare da zanukan gwajinka da saƙonnin da kuka yi da shaidar shigar kuɗin. Kada ka hau intanet kana zaginsa. Nemi dattijon da yake jin nauyinsa ku je tare, ka nemi a biya ka kuɗin bugun da aka riga aka yi, a mayar da sunanka, kuma kada a sake bugawa sai da takarda. Yawanci a nan magana take mutuwa. In ya ƙi, lauya ya rubuta masa wasiƙa; shari'ar irin wannan Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro, kuma akwai ta a Katsina.

Daga yau kuma kowane zane ya fita da rasit, kwafi biyu: sunan aikin, girmansa, irin fentin, shekara, farashi, da layi ɗaya da ke cewa haƙƙin bugawa yana wurin mai zane, ku duka ku sa hannu. Aikin da aka ba ka kwangila, karɓi rabin kuɗin kafin alƙalami. Sa hannunka kuma ka daina maƙale shi a can bakin ƙyalle inda almakashi zai cinye. Matso da shi ciki kaɗan, ka sake rubuta sunanka da shekarar a bayan ƙyallen.