Idan dashen haƙori ya ƙi kamawa, ka duba mugunyar da kyau

Ɗana, ka tambaye ni kan dattijon nan na Talata Mafara da aka dasa wa haƙori wata biyar da suka wuce. Ba ya shan taba, ba shi da ciwon suga, bakinsa tsaf, amma ƙarfen da aka dasa masa a ƙashi yana girgiɗa, muƙamuƙinsa kuma ya kumbura ya sace, ya sake kumbura. Kana son sanin me ya kawo haka.

Yawancin dashen da ya lalace dalilinsa a fili yake: dauɗa ta taru a gindin ƙarfen har ƙashi ya zaizaye, ko taba, ko suga, ko an fara tauna da shi tun ƙashi bai riƙe shi ba, alhali titaniyom, ƙarfen da ake dashen da shi, yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya kama. Nan za ka fara. In ka bi duk ba ka ga komai ba, to ka tuna da ƙwayar cutar da ake kira Actinomyces israelii, wadda wani likitan Jamus, James Israel, ya bayyana ciwonta a jikin mutum a 1878.

Tana zaune a bakin masu lafiya ba ta cutar da su. Sai an huda dasashi da ƙashi ta samu kafa, ta shige inda iska ba ta kaiwa, ta ci gaba da ɓarna a hankali. Sa yatsa ka taɓa kumburin: za ka ji shi da tauri, ba ya lotsawa, zafinsa kuma bai kai girmansa ba. In ya daɗe yakan huda fata ta ƙasan haɓa ya riƙa tsiyaya. Matso mugunyar a kan farin bandeji, ka kai ta gaban fitila. Wani lokaci za ka ga 'yan ƙwayoyi rawaya-rawaya kamar tsakin gero. Ranar da ka gan su, kira ni ko ina nake.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Mutum ya sha Flagyl, wanda ba ya kashe wannan ƙwayar, ko ya sha Ampiclox na kwana biyar, kumburi ya lafa, ya ɗauka ya warke. Maganin kuma yakan ɓata gwaji. Don haka zuƙo mugunyar da sirinji daga ciki, ka rufe kada iska ta shiga, a haɗa da ɗan naman wurin, a kai ɗakin gwaji, ko da sai an je Sakkwato. Rubuta musu sunan ƙwayar da kake zargi, domin takan yi sati biyu zuwa uku kafin ta tsiro.

In ta tabbata, a cire ƙarfen, a kankare mataccen ƙashi, a ɗora dattijon kan penisilin ko amoksisilin na watanni, wani har shekara. Faɗa wa iyalinsa ba a ɗaukar wannan cuta daga mai ita, kada su ware masa kwano. In ya dawo ranar Alhamis, ce masa ya zo da kwalayen duk magungunan da ya sha.