Baba ya ce shi sai likita Bature

Tambaya: Salamu alaikum Baba Majo. Mahaifinmu ya haura shekara 70, an auna shi an ce yana da hawan jini. Likitan da ya duba shi a nan Maradi matashi ne, ɗan ƙasa. Baba ya sha ƙwayoyin kwana huɗu, ya cusa sauran ƙarƙashin katifa. Wai yaron sa'an jikansa ne, ko kallonsa bai yi ba, shi a kai shi Galmi wurin Turawa, tunda su suka yi masa aikin ƙaba da daɗewa ya warke sarai. Da na faɗa wa yayana da ke Amurka, dariya ya yi, ya ce can baƙar fata neman likita baƙi suke ruwa a jallo. Launin fatar likita na da wani tasiri ne? Mu kai shi, ko mu matsa masa? Daga ɗiyarka, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin mu shiga zancen fata, a zaro ƙwayoyin nan daga ƙarƙashin katifa yau ɗin nan. Hawan jini ba ya sallama, mutum na cikin alwala sai a ji faɗuwarsa.

Yayanki bai yi ƙarya ba, kuma mutanen can suna da dalilinsu. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta riƙa bibiyar baƙaƙen maza kusan 400 masu ciwon tunjere a garin Tuskegee, ana kallon yadda cutar ke cin su, aka hana su magani ko bayan da aka samo fenisilin. Sai a 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Wanda aka yi wa kakansa haka, in ya ga farar riga a jikin farar fata dole gabansa ya faɗi. An ma gwada abin a birnin Oakland: aka tattaro baƙaƙen maza sama da 1,300, yawancinsu daga shagunan aski, aka raba wa waɗanda suka zo asibiti likitoci ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka faɗa hannun likita baƙi sun fi yarda a soka musu allura a auna sukari da kitsen jini. Gwajin iri ɗaya ne, yardar ce ta bambanta.

Mu nan tarihinmu ta wata ƙofa ya shigo. Lokacin samartakar Baba, likita Bature ne, baƙi kuwa shi ne mai riƙe tire da wanke gyambo. An buɗe asibitin mishan na Galmi a 1950, ga na kutare a Danja nan kusa da mu, sannan likitocin Sin suka fara zuwa Nijar a 1976. Makarantar likitanci ta Yamai sai a shekarun 1970 ta samu. To mutumin da ya girma yana ganin haka, yau ki nuna masa yaron da ya sani yana yawo ba wando, ki ce wannan ne dokta? Sai an yi masa uzuri. Amma kada ki ɗauka yardar da muke wa Bature ba ta da iyaka. Bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, da ƙin rigakafin shan inna da ya biyo baya a 2003, da idona na ga magidanta a nan Maradi suna rufe ƙofa in sun hango mu ma'aikatan lafiya da akwatin sanyi na rigakafi.

Ni dai a wasiƙarki kalma ɗaya ta tsaya mini: "ko kallonsa bai yi ba".

A yunwar 2005 na yi aiki a wata rumfar jinyar yara masu tamowa, ina tafinta wa wata likita Baturiya. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina gajiya" ba, su ma a karkace. Aka kawo wani yaro ya bushe kamar kara. Ni na nemo jijiya a kansa da ƙyar, ni na ɗaura ruwa, ni na kwana a kansa. Ranar sallama uwar ta kama hannun Baturiya tana sa mata albarka har da hawaye, ni ko "madalla" ban samu ba. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na sa ido. Ita in uwa ta shigo, sai ta durƙusa kan tabarma daidai da ita, ta tambayi sunan yaron, ta taɓa hannun uwar, ta jira har na gama fassara tana kallon fuskarta. Ni kuwa, mai Hausa a baki, kaina na cikin rajista ina jefa tambaya: "Shekara nawa? Zawo ko amai? Matsa can." Tun ranar na rage jin haushi.

Abin takaicin shi ne ɗan gida ya fi kowa makamin da zai sa a yarda da shi. In mace ta ce tana da sanyi, ya san ba bargo take nema ba. In tsoho ya ce shawara ce ta kama shi, zai duba ƙwayar idonsa ya ga ko ta yi rawaya. Na taɓa jin wani yaro tafinta ya juya wa Bature wannan kalma da cewa tsohon na neman a ba shi shawara. Sai dai namu likitan na da layi har bakin ƙofa, albashi ba yawa, ga ɗabi'ar nan tamu ta yin Faransanci a kan mara lafiya kamar buhun gero aka ajiye. Gajiya uzuri ce, amma ɗaga kai a ce "Baba, ina kwana, ina iyali" ba ya cin minti ɗaya.

Galmi asibiti ne na kirki, ba ni da ta cewa. Amma aikin ƙaba sau ɗaya ake yi a gama, hawan jini kuwa abokin zama ne har ƙarshen rai. Ana son awo a kai a kai, a ƙara ƙwaya ko a rage. Wa zai riƙa ɗaukar tsoho ya wuce Madawa da shi duk wata?

Ki fara komawa wurin likitan ke kaɗai, ki faɗa masa abin da Baba ya ce ba tare da kin rage ba. Yawancin yaran nan in aka gaya musu haka kunya ke kama su. Sannan a kawo Baba lokacin da layi ya ragu, da rakiyar babban ɗansa ko amininsa, don tsoho ba ya son a yi masa faɗa gaban ɗiya. A roƙi likitan ya ɗaura awon da hannunsa, ya nuna masa lambar, ya gaya masa da Hausa cewa ana so ta sauka ƙasa da 14 bisa 9, wato 140 bisa 90. In shi da likitan ba su jitu ba, a canza likita, Maradi ba ta rasa dattawa masu furfura a aikin nan ba.

In ya kafe sai Galmi, a kai shi sau ɗaya, da littafinsa na asibiti da takardar maganin da aka rubuta masa. Ina kyautata zaton irin ƙwayar nan za su maimaita masa, wataƙila ma ɗan Nijar ne zai duba shi a can. A rage masa gishiri da dunƙulen miya. In kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba zancen Galmi, a ruga asibiti mafi kusa a wannan sa'ar.