Zan iya haɗa boila uku a bututun hayaƙi ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da wurin wanki da guga a Asawase, nan Kumasi, muna wanke wa otal-otal zannuwan gado. Boila, wato tukunyar dafa ruwa ta ba da tururi, biyu gare mu masu aiki da gas, kowace da fankarta. Saboda tsadar gas na ƙaro ta uku mai cin ɓawon kwakwar manja. Mai waldana na Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, ya ce a haɗa su duka a bututu ɗaya, kada a yi ta huda rufi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ta ukun nan dai a huda mata nata. Mai cin ɓawo ko itace ba ta tarayya da ta gas: tana tara kunkunniya a cikin bututu, kunkunniyar na iya kamawa da wuta, kuma ba wutar da ake kashewa nan take ba ce.

Biyun na gas ana iya haɗa su, muddin littafin kamfanin da ya ƙera su bai hana ba, don wasu sun hana ƙiri-ƙiri. Amma ba ranar da duka biyun ke ci ba ce abin tsoro. Ranar da aiki ya yi sauƙi, aka kunna ɗaya aka bar ɗaya, ita ce. Fankar wadda ke ci tana tura hayaƙi da ƙarfi, shi kuwa hayaƙi duk inda ya samu sauƙi nan yake bi. Sai ya gangaro ta cikin wadda aka kashe, ya fito ɗakin da yaranka ke aiki. A cikinsa akwai kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe iskar oksijin sau sama da 200. Yaro zai ce kansa na sarawa, a ce zafin guga ne.

Maganin iri biyu ne. Ko a sa wa kowace boila murfin da ke hana hayaƙi komowa, wanda aka haɗa da na'urar kunna wuta yadda ba za ta kama ba sai ya buɗe. Ko a ɗora fanka a can saman bututun ta riƙa zuƙo hayaƙin. Na fi natsuwa da na biyun, amma da sharaɗi, saboda dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Idan aka ɗauke wuta janareto ya tada boila, fankar sama kuwa tana kan layin ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ka ga an koma gidan jiya. Layinsu ya zama ɗaya, fanka na tsayawa gas ya yanke.

Mai walda zai ce a yi bututun da faɗi, a huta. Kada ka yarda. Idan faɗin ya yi yawa, hayaƙin boila ɗaya yana hucewa kafin ya kai sama, a wajen digiri 55 kuwa tururin cikinsa yake komawa ruwa mai tsami da ke cinye baƙin ƙarfe. Lissafi ake yi sau biyu: duka suna ci, da kuma ƙaramar ita kaɗai. A yi da ƙarfe marar tsatsa irin 316L, reshen kowace boila ya shiga babban bututun a karkace, kada su fuskanci juna, inda ya kwanta ya riƙa hawa santimita 2 a kowace mita, a bar mazurarar ruwa a gindi. Bakinsa ya ɗara rufi da aƙalla santimita 90.

Sai tagogin shan iska. Da hunturu ya kama, mutanenmu sukan toshe su da kwali saboda ƙura, wuta kuwa idan ta rasa iska sai ta ƙara fitar da gubar nan. Raga za a sa.

Dokar masana'antu ta Ghana ta 1970, wato Act 328, ta wajabta a riƙa duba boilar tururi, don haka ka kai zanen ofishin masu duba masana'antu da na 'yan kwana-kwana kafin a yanka ƙarfe. Ranar gwaji kuma a kunna ɗaya, a kashe ɗaya, a kafa na'urar auna guba a bakin wadda aka kashe, sannan a juya. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai an yi haka a gabanka.